Na Dawo Shagonku da Ƙafata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Rumbun Wasanni, uban kasuwa, wanda duk mai kwamfuta ke yini a shagonsa,

Bayan gaisuwa, da fatan injinanku ba su san ɗauke wuta ba. Ni ce Juwairiyya ta Agege, wadda ta ƙirƙiri wasan kwamfutar nan na ɗan dako mai kauce wa motocin haya na danfo da kwandon tumatir a ka. Murna ta hana ni zama, na dawo shagonku! Ga 'yan ƙorafe-ƙorafe, don kada daɗi ya kashe ni.

Na ɗaya, la'ada. Babana Alhaji Mato ya tsufa yana dillancin tumatir a kasuwar Mile 12. Da ya ji kuna cire ɗaya bisa uku alhali ba ku taɓa ɗaga kwando ba, sai ya cire hula, ya ce in tambaya ko kuna karɓar masu koyon sana'a.

Na biyu, kun ce ina da zaɓi, kuma gaskiyarku. Na kwashe wasana na kai wani ƙaramin shago mai sassauci. Gwaggo Mero kaɗai ta saya, ita da ko kwamfuta ba ta da ita. Masu wasa sun ce abokansu da tarin wasanninsu duk suna wajenku, wa zai tashi? Ga Baba ya gindaya sharaɗi: in wasan nan bai ciyar da ni bana ba, in rufe kwamfuta in zo rumfa tsince ruɓaɓɓen tumatir. Wallahi na tsorata, ranka ya daɗe, shi ya sa na rugo ko takalmi ban tsaya nema ba.

Na uku, kun hana ni sayarwa da araha a wani wuri. Madalla da wannan kulawa! A kasuwarmu in dillali ya ɓata maka rai, sai ka matsa rumfa ta gaba. Ku yaya aka yi kuka zama rumfar, kuka zama ta gaba, kuka zama hanyar da ke tsakaninsu?

Albishirinku, na gama sabon wasa. Mutum zai tarar da ƙofa goma, ya zaɓi wadda ransa yake so, amma duk ɗaki guda suke kai shi. Na daɗe ina shawarar inda zan sayar da shi, kuma ina farin cikin sanar da ku cewa ku na zaɓa.

Taku mai biyayya, tunda babu wani wurin kai biyayyar,

Juwairiyya Mato
Agege, Legas