Na Sa Masa Albarka Ya Gudu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da shagona ya kore ni a gaban jama'a ba. Labule da kafet nake sayarwa a Gwarinpa. Da talla a kafaɗa na fara, kuma ciniki bai taɓa ruɗa ni ba sai da na shiga intanet.

Wani kamfani na ba aikin buɗe min shago a waya. Suka kawo maɓallai da Turanci, na ce a'a, harshen kasuwa nake so. In mutum ya ga labule ya danna "Taya", ya rubuta abin da zai biya. In an daidaita ya danna "Sallama". In ya fasa kuwa, "Albarka", kamar yadda mai kaya ke cewa in tayi bai yi masa ba. (Sun ɗan yi gardama. Na tuna musu wa ke da shagon.)

Wata da watanni ko zare ba a saya ba. Jama'a na shiga, su zaɓi kaya, su ɓace. Na zargi layin waya, na zargi bakin mutane, har addu'a na sa aka yi.

Sai aka gayyaci 'yan kasuwa wata bita a Jabi kan wani abu wai shi "yu-eks". Ni na ɗauka sabuwar mota ce. Abin da ya kai ni dai Madam Bola ce, manajar wani otal da na daɗe ina bi ta ba ni aikin labulen ɗakunansu. Malamar da ke koyar da bitar ta ce ma'anar "yu-eks" ita ce yadda mai saye ke ji tun shigarsa shagonka na waya har fitarsa: ya gane inda yake, ya san abin da zai danna, kada ya tsaya tunani. Na yi ta gyaɗa kai, don ban ga inda ya shafe ni ba. Da ta nemi wanda za a gwada nasa, na riga kowa, ina so Madam ta gani.

Aka haska shagona a bango, aka miƙa wa Madam waya, da sharaɗin kada in ce uffan. Ta zaɓi labule ruwan zuma, ta taya, ta tsaya duba maɓallan biyu. Ta ce ita ba tafiya za ta yi ba balle ta yi sallama, ta danna "Albarka" har da cewa amin. Kayan suka ɓace. Ta sake, suka sake ɓacewa.

"Alhaji," ta ce da Hausarta ta Abuja, "na sa masa albarka, shi ya gudu."

Na manta sharaɗi, na miƙe na ce ai kowa ya san a ciniki albarka "a'a" ce. Malama ta tambayi waɗanda suka sani. Ni da wani dillalin shanu daga Yangoji kaɗai muka ɗaga hannu. Sai ta ce to in zo in nuna musu yadda ake saye.

Na karɓi waya, na zaɓi labulen, na taya shi da arha irin ta masu wayo. Tayin ya fito ƙato a bango. Nan kaina ya juye: mai saye ne ni ko mai kaya? Idona ya ga an taya labulena da wulaƙanci, kafin in tuna wa ya taya, yatsana ya danna "Albarka". Har bakina ya faɗa da ƙarfi.

Dillalin shanun ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce tsakani da Allah tayin bai yi ba.

Madam ta yi min godiya, ta ce ta ƙaru. Aikin otal kuwa maƙwabcina ta ba, wanda maɓallinsa ɗaya ne tal: "Saya".

Yanzu duk abin da zan sa a waya sai na miƙa wa wanda bai taɓa zaman kasuwa ba, in zuba ido in kama bakina. Zuba idon na iya. Kama bakin ne har yau nake koyo.