Gawar Da Ta Amsa Sallama

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don har yanzu in na tuna shi sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma matata Hajiya ta riga ta ba duk matan unguwarmu ta Old Trafford, kuma yadda take ba da shi ya fi abin da ya faru muni, to gara ku ji daga bakina. Ko na so in manta da wannan Asabar ɗin, ba za ta mantu ba.

Ni akanta ne. Na yi yawo daidai gwargwado, Jidda, Alƙahira, Istanbul, kuma duk garin da na sauka, kafin in nemi abinci sai na nemi tsohuwar ganuwarsu. Wata rana ina tuƙi a wajen Manchester na ji ƙarar igwa. Maimakon in ƙara wuta kamar mai hankali, sai na bi ƙarar. Na tarar da manyan mutane masu furfura sun sa kayan da, suna kwaikwayon yaƙin basasar Ingila, na sarki da 'yan majalisa, da ganguna da dawakai da bindigogi irin harba-ka-ruga. Daga ranar na kamu. Na fara da kallo, ina bin intanet ina neman inda za a yi na gaba. Kafin shekara ta zagayo na sayi hular kwano da wando mai kumburi, an ba ni wani dogon mashi da ya ninka ni tsawo.

('Yan masallacinmu dai abin da suka sani shi ne ina yawan zuwa "taro" a weekend. Ban yi ƙarya ba. Ana taruwa.)

To a lokacin ɗana Faruk ya ga yarinya a jami'a, Rahma, 'yar wani dattijo Bahaushen Kumasi da ke unguwar Small Heath a Birmingham, Alhaji Isaka, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas. Sau ɗaya muka gaisa da shi, na je cikin babbar riga ina magana a hankali kamar alƙali. An sa za mu je neman aure sati mai zuwa. Faruk ya ce, "Baba, don Allah, mutumin nan yana duba gidan da 'yarsa za ta shiga. Ka ɗan ajiye maganar igwa." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ubansa ba yaro ba ne.

Asabar ɗin kuwa akwai yaƙi a wani fili a bayan Birmingham. Hajiya ta ce, "Garin surukan naka za ka je ka yi birgima?" Na ce Birmingham da girma take.

Sajan ɗinmu, wani Bature mai aikin famfo, shi yake rabon mutuwa kafin a fara. Ranar ya ce ni zan faɗi a karon farko. Doka kuma ɗaya ce: in ka mutu, ka mutu, ba motsi sai an buga gangar tashi. Da yake na ƙware, na san inda ake mutuwa cikin jin daɗi, wato kusa da igiyar 'yan kallo, inda ciyawa ta bushe kuma doki ba ya zuwa. Aka yi karo, wani ƙato daga rundunar sarki ya zungure ni, na yi tangal-tangal, na dafe ƙirji, na zube dab da igiya. Har tafi aka yi mini.

Ina kwance, ido a rufe, ina jin ƙamshin albarushi, sai na ji daga samana:

"Salamu alaikum."

Na ce a raina ba da ni ake ba. (A duk filin nan ni kaɗai ne baƙin mutum cikin hular kwano, amma mutum yakan yi fata.)

"Salamu alaikum. Baban Faruk?"

Na ɗan buɗe ido ɗaya. Takalmi sau-ciki, farar jallabiya, carbi. Alhaji Isaka ne, jikokinsa sun jawo shi kallo.

Jama'a, ku auna. Sajan ya ce kada in motsa. Amma tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin sallama na yi shiru ba. Na motsa leɓe kaɗan na ce, "Wa alaikumus salam."

Na ɗauka shi ke nan. Ina! Alhaji ya ce, "Ina wuni? Ina gajiya?"

Nan fa abin ya gagara. Dattijo a tsaye, wanda zan je roƙon 'yarsa, ni kuma ina miƙe a ƙasa kamar tabarma ina amsa masa? Jikina bai ma yi shawara da ni ba. Sai ganina na yi na tashi, na cire hular kwano, na durƙusa, na miƙa hannu biyu ta saman igiya.

"Lafiya lau, Alhaji. Ya gida? Ya Hajiya? Ya jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya mutanen Manchester?"

"Suna gaishe ku."

Igwa tana tashi a bayana, mu kuma muna ta ya yara, ya sanyi. Mai lasifika ya ce wa 'yan kallo da alama rundunar majalisa ta samu likita na musamman, ga mamaci ya warke. Fili ya kwashe da dariya. Sai ga ƙaton da ya kashe ni ya dawo yana haki, ya tsaya a kaina da ladabi ya ce, "Sorry, mate, you're dead."

Na dubi Alhaji na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri, za a sake kashe ni."

Ya gyara tsayuwa ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Aka zungure ni, na sake zubewa a gaban takalminsa. Wannan karon ban yi tangal-tangal ba, kuma ba wanda ya tafa.

Satin nan ban ci abinci da daɗi ba. Faruk da ya ji, sai ya zauna a matakalar bene ya riƙe kai ya ce, "Baba, sau biyu?" Ni ba kunyar kaina ce ta dame ni ba. Tsorona kada yaron nan ya rasa yarinyar da yake so saboda ubansa na wasan yara.

Ranar neman auren muka isa Small Heath ni da wana, na sa babbar rigar da ta fi kowacce nauyi. Aka kawo wake da shinkafa irin nasu na Gana da yaji mai sa hawaye. Ina jira Alhaji ya tayar da zancen, bai tayar ba. Da wana ya gabatar da buƙatarmu, Alhaji ya ce ya yi tambaya a kan gidanmu, kuma akwai abin da ya gani da idonsa: gidan da ko an mutu ana tashi a gaida manya, ba ya jin tsoron kai 'yarsa. Ya ce ya ba mu. Wana, da bai san komai ba, ya ce, "Haka muke, Alhaji."

Abin da na koya dai, ɓoye-ɓoyen nan wahalar banza ce, yanzu har 'yan masallaci na gaya wa inda nake zuwa. Kuma in zan mutu, tsakiyar fili nake mutuwa, ko da cikin taɓo ne.

Da muka fito, Alhaji ya rako ni har mota. Ya waiga ya tabbata Hajiyarsa ba ta kusa, ya rage murya ya ce:

"Baban Faruk, wai in mutum yana da ciwon gwiwa, suna yarda ya mutu tun da wuri?"