Yadda Ake Hana Mutane Jin Daɗin Ƙwallon Kwando da Labarin Zamanin Eriya

Ka haura sittin, gwiwa ta fara ƙara, kuma ka lura in ka buɗe baki a gidan gahawa babu mai juyowa? Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na yi maka alkawari kafin kakar wasa ta kai rabi babu wanda zai ƙara kallon ƙwallon kwando a gabanka da daɗin rai. Ba a littafi na koyo ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaune tebur biyu bayan gwanin gwanaye, Dobrivoye, tsohon direban jirgin ƙasa a nan garinmu Cacak, wanda kowa ke kira Kawu Dobri, a gidan gahawar Stana da ke bayan tasha. Yawancin abin da zan faɗa maka a kan idona ya yi shi.

Mataki na ɗaya: Kama kujera

Kada ka yi wannan aiki a gida. A gida babu mai sauraronka sai kyanwa, ita ma fita za ta yi. Nemi inda jama'a ke taruwa, ka zaɓi kujerar da ke daidai ƙarƙashin talabijin, yadda duk mai son ganin wasa sai ya fara ganin ƙeyarka.

Kawu Dobri yakan iso saura awa guda a fara, ya rataye hularsa, ya sa a kawo masa gahawa ɗaya wadda zai yi ta lallaɓawa har a tashi. Kada ka raina kujerar nan. Tun da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suka tafi Jamus neman aiki, ita ce wuri ɗaya da ya rage masa a duniya inda in bai zo ba za a ce yau ina Dobri. Ya san haka sarai, shi ya sa ko zazzaɓi yake yi sai ya zo.

Mataki na biyu: Raina duk abin da ke kan allo

Da an fara wasa, yi tsaki. Kada ka yi bayani tukuna, bari a tambaye ka. In babu wanda ya tambaya, amsa kawai.

"Dubi wannan shirme," in ji Kawu Dobri. "Lamba a sama, lamba a ƙasa, tallan maganin basir a gefe. Ina wasan? Kyamara goma sha biyu, kowace tana leƙa hancin mutum. Mu a da kyamara ɗaya ce tal. In kana son sanin maki ko lokacin da ya rage, sai mai kyamara ya ga dama ya juya ta ga allon bango ya nuna maka. In bai ga dama ba ka riƙe lissafinka a ka, kamar mutum."

"Kawu, ai talabijin ɗinku ko kala babu," in ji Stana daga bayan kanta. "Duk rigunan toka-toka ne. Yaya kuke gane naku?"

"Ta tafiyarsu, 'yar nan. Namu tafiyar masu kunya suke yi."

Ka lura da dabarar: duk abin da aka kawo a matsayin aibin zamanin da, ka karɓe shi hannu biyu ka mai da shi tarbiyya.

Mataki na uku: Yabi mai sharhin da ya riga mu gidan gaskiya

Matacce za ka zaɓa, don mai rai yana iya fitowa gobe yana tallan katifa ya kunyata ka. Kada ka yabi maganarsa, wani zai iya tuna ta ya ƙaryata ka. Shirunsa za ka yaba. Ka ce yakan yi minti guda cur bai ce uffan ba, sai ƙarar takalma a kan katako kake ji. Ni dai zatona taba yake kunnawa, amma wannan tsakanina da kai ne.

A nan kana bukatar mai gyaɗa kai. Na Kawu Dobri shi ne Svetozar, wato Toza, tsohon tela, maƙwabcinsa tun suna samari, mutumin da in ya yi magana goma a wuni ya yi surutu. "Ko ba haka ba, Toza?" Sai Toza ya gyaɗa kai, idonsa na cikin kofinsa.

Mataki na huɗu: Mallaki jifa ɗaya

Wannan shi ne jarinka. Wasa ɗaya, jifa ɗaya, wanda aka yi kafin a haifi rabin masu sauraronka. Duk sanda wani ɗan wasan yanzu ya yi abin a-zo-a-gani, jama'a suka miƙe suna ihu, jira su zauna, sannan ka ce, "Hm. Ba ku ga Dogo Vukashin ba."

Ga yadda Kawu Dobri ke bayar da shi. Asabar ce, ƙarfe biyar na yamma, tsakiyar hunturu, shekara arba'in da uku da suka wuce. 'Yan babban birni sun fi mu da maki ɗaya, saura daƙiƙa uku. Vukashin ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, mutum biyu sun rataye a wuyansa, ya juya, ya jefa da hagu yana faɗuwa ta baya. Ƙwallo ta zagaya bakin kwando sau uku, sannan ta faɗa. A nan Kawu Dobri yakan miƙe ya gwada faɗuwar, Toza kuma ya riga ya janye kofuna.

Ka bayar da shi kowace Asabar. In an yi hutun rabin lokaci, sake bayarwa don waɗanda suka makara.

Mataki na biyar: Kada kowa ya san inda kake a ranar

Wannan daga baya muka sani. A ranar jifan nan Kawu Dobri ba ya gaban talabijin. Talabijin ɗin unguwar guda ɗaya ce, a falon mahaifin Toza, mutum ashirin da wani abu sun cika ɗakin. Ana shiga rabi na biyu iska ta juya eriya, hoto ya koma kamar an watsa gero. Ka'idar unguwar kuwa, mafi tsayi ne ke hawa rufi. Dobri ya hau. Ya juya dama, ya juya hagu, aka yi ihu daga ƙasa, "Tsaya haka!" Da ya saki sai hoto ya tafi. Haka ya tsaya rungume da sandar ƙarfe cikin dusar ƙanƙara har aka tashi, Toza na leƙowa ta taga yana jefo masa maki.

Ihun ƙarshe ta cikin bututun hayaƙi ya ji shi. Da ya sauko, a bakin tsani Toza ya tare shi ya ba shi labarin jifan tiryan-tiryan. Tun daga ranar yake bayar da shi, har ya kai in ya rufe ido yana ganin hannun hagun nan. Sauran mutanen falon wasu sun mutu, wasu sun yi ƙaura, Toza kaɗai ya rage, shi kuwa ba ya magana. Ka nemi irin wannan shaida, ko ka haƙura da sana'ar.

Mataki na shida: In aka ce za a nemo hoton, tashi ka tafi

Ka ce kana da awon jini. Ka ce ka bar wake a kan wuta. Komai ka ce, ka dai fita.

Wata Asabar, tebur biyu na masu kallo suka biya suka koma gidan gahawar tsallaken titi ana tsakiyar faɗuwar Vukashin. Stana ta ajiye tsumman hannunta ta zagayo.

"Kawu Dobri, na gaji. Ɗan'uwana ya ce an ɗora tsofaffin wasannin nan a intanet, har da naka. Asabar mai zuwa kafin a fara wasa zan saka shi a allon nan. In jifan ya fito yadda kake faɗa, kujera taka ce har ka mutu, ka yi ta surutunka, ni da kaina zan hana a katse ka. In kuwa bai fito haka ba, ka tashi daga nan ka koma teburin bakin ƙofa, kuma ba na son in ƙara jin 'a da' a gidan nan."

Teburin bakin ƙofa, ga wanda bai sani ba, nan baƙi masu jiran jirgi ke zama. Iska na dukan mutum, kuma babu wanda ke tambayar sunansa.

"Dobri," in ji Toza a hankali, "bar maganar nan."

"In bar me? Saka, 'yata! Saka su ga yadda ake wasa."

"Na ce ka bari, tsoho."

"Kai ka tsufa, ni ban tsufa ba."

Ko ɗar bai ji ba. Yadda ya lissafa, asirinsa ɗaya ne, wato rufi, kuma kyamara ba ta ɗauki rufin gidan su Toza ba. Jifan kuwa ai an yi shi. A makon nan har aski ya yi, don murnar zai ga jifan da idonsa karon farko ba tare da kowa ya san karon farko ne ba.

Mataki na bakwai: In abin ya auku, tashi da kanka kafin a tashe ka

Ranar gidan ya cika, har 'yan tsallaken titi sun dawo. Stana ta haɗa wayarta da talabijin ta zarce zuwa mintin ƙarshe. Hoton ya fito dishi-dishi, mutane goma masu kalar toka suna kai da kawowa, ƙwallon ma sai ka ƙura ido. Mai sharhin da muka sha jin yabon shirunsa kuwa bakinsa bai tsaya ba, har da tari.

"Ga shi nan!" Kawu Dobri ya miƙe. "Ga Dogo! Ku duba hagunsa!"

Aka miƙa wa Vukashin ƙwallo a tsakiyar fili. Sai mai kyamara, bawan Allah mai son aikinsa, ya tuna jama'a na bukatar sanin lokacin da ya rage. Ya juya ga allon bango. Uku. Biyu. Ɗaya. Ihu ya ɓarke, maki ya canza, kyamara ta dawo a guje ta tarar da mutane sun cika fili suna tsalle. Babu maimaici. A zamanin ba a san shi ba.

Stana ta mayar baya ta sake sakawa, ko za a dace. Agogon dai ne.

Kawu Dobri bai dubi kowa ba sai Toza.

"Kai ka ce min da hagu."

"Na ce."

"Ka ce yana faɗuwa ta baya."

"Na ce."

"To a ina ka gani?"

"Agogo na gani, Dobri, kamar kowa." Toza ya ture kofinsa gefe, kuma ranar ya yi maganar da ta fi ta wata guda. "Ka sauko daga rufin nan yatsunka sun ƙage, leɓenka ya yi shuɗi, ko tsani ba ka iya riƙewa. Mu ashirin mun sha ɗumi mun kalli wasa a kan wahalarka. Ka kama rigata ka ce, 'Toza, yaya ya jefa?' In ce maka me? In ce maka agogo?"

"Wane rufi?" in ji Stana. Amma kowa ya riga ya gane.

"Shekara arba'in da uku ina yawo da ƙaryarka a gari!" in ji Kawu Dobri.

"A'a, kada ka ɗora min duka. Ni zagaye ɗaya na ce. Biyun naka ne."

Dariya ta kece, har da masu buga tebur. Ni ma na yi, amma wallahi tausayinsa ya kama ni, don fuskarsa ta koma ta mutumin da aka yi wa rasuwa sabuwa. Stana ta fara cewa, "Kawu, ai wasa nake..." Ya ɗaga mata hannu. Ya ɗauki hularsa da kofinsa, ya ratsa tsakanin tebura ya zauna a bakin ƙofa. Sharaɗi ya yi da bakinsa, kuma bai taɓa tsayar da jirgi inda ba tasha ba.

Can sai Toza ya tashi, gwiwoyinsa na ƙara, ya bi shi ya zauna. Aka fara wasan ranar, lambobi sama da ƙasa. Ina kusa da su na ji Kawu Dobri ya yi ƙasa da murya.

"Toza."

"Na'am."

"Amma dai da hagun ya jefa, ko?"

Toza ya kurɓi gahawarsa da ta huce. "Da hagu," ya ce. "Yana faɗuwa."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In aka kore ka daga kujera, in mura ta kama ka a bakin ƙofa, in ƙugunka ya goce wajen gwada faɗuwar wani, kai ka jiyo, kada a zo min gida. Alkawarin da na yi a sama ma na janye shi. Haka nan kada a tambaye ni dalilin da ya sa na yi shekaru ina ba surukina labarin jifan nan da hannun dama. Sannan in ka duba hagu da dama ba ka da wanda zai ƙaga maka jifa a bakin tsani, ya riƙe bakinsa shekara arba'in da uku, ya kuma biyo ka teburin baƙi, to ka yi shiru ka kalli wasanka da tallan maganin basir ɗinsa, wannan sana'a ba taka ba ce.