Tef Ɗin da Bridie Ta Riƙe Bakinsa Ya Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni, Leonard Cattermole, tsohon mai saita idon kyamara, nake sanar da rasuwar tef ɗin awona. Ya cika ranar Talata da hantsi a maƙabartar cocinmu da ke Borehamwood, bayan doguwar jinya.

Marigayin na yadi ne, ƙafa hamsin, yana zaune cikin gida na fata mai maɗauri na tagulla. Aikinsa ɗaya tak: ya faɗi tazarar da ke tsakanin kyamara da ƙwayar idon ɗan wasa, don hoto ya fito tangaran. Ya kusanci fuskokin da mutane ke biyan kuɗi su gani, bai taɓa neman a sa masa hannu a takarda ba. Ya gaya wa daraktoci gaskiya, abin da ya ci aikin mutane da yawa. Maganarsa biyu ce a duniya: “shiiii” in an ja shi, “kir-kir-kir, ƙas” in an naɗe.

Da wannan “ƙas” aka buɗe Ƙungiyar Ma'aikatan Kyamara. A shekarar da kamfanonin fim suka sallame mu, suka ce kowa ya zama ɗan ƙwadago, sai a kira shi yau a manta da shi gobe, muka taru a saman benen wata mashaya. Ba mu da gudumar shugaba, sai muka ce in tef ya yi ƙas, kowa ya yi shiru. Kafin mu tashi muka shimfiɗa shi a kan tebur, kowa ya ɗora yatsa, muka yi alkawarin ba mai karɓar aikin da aka kori ɗan'uwansa a kansa. Har bara haka ake rantsar da sabon ɗan ƙungiya, da aron marigayin daga aljihuna.

Ni na riƙe gidan tef ɗin a wannan rana. Zoben bakin kuwa yana hannun matata Bridie, mai loda fim a kyamara, kamar yadda yake hannunta kullum a wurin aiki. Ita ke jansa zuwa idon ɗan wasa, ni in karanta daga wajen kyamara. In na daɗe ina ƙifta ido sai ta ce, “Karanta mana, makaho, hannuna ba maratayin riga ba ne.” Ita ce ma ta kawo shawarar alkawarin, tana cin ɗanyar albasa da cuku, yayin da maza ke gardamar wa zai biya giya.

Ciwon ajali ya fara ne daga wurin da babban yatsanta ya cinye lambobi. Ya yi tsanani bayan rasuwarta, da aka bar shi ba mai ja. Ranar Talata na je auna gefen kabarinta don in shuka furanni. Da yake ba mai riƙe mini, na maƙala zoben a jikin dutsen kabarin, na ja da baya. Bai ce shiiii ba, bai ce ƙas ba. Ya rabu biyu kawai. Na karanta littattafan da suka cika ɗaki a kan mutuwa, ban ga wanda ya yi bayani a taƙaice kamar haka ba.

Ya rasu ya bar ni, da allon Bridie da take tafawa a gaban kyamara kafin a fara ɗauka, da guntun alli. Ya kuma bar wani jika da ba mu san asalinsa ba, wata na'ura mai harba jan ɗigon haske, wadda ke auna bango da labule da kafaɗar mai wucewa da cikakken tabbaci.

Cikin masu ta'aziyya har da shugaban ƙungiya na yanzu, Rupert Ainsley, yaro mai ladabi da takalma masu tsabta. Ya sha shayina, ya yabi biskit, sannan ya roƙi gawar. Za a yi liyafar tunawa da kafa ƙungiya, suna so su ɗinke marigayin su sa shi cikin akwatin gilashi, da allo a ƙasa mai ɗauke da sunayen maza bakwai da suka kafa ta. Ni kuma za a ba ni kujera a babban tebur da lambar yabo. Na ce mu takwas ne, har da Bridie. Ya ce a wancan lokacin ba a rubuta mata a matsayin 'yan ƙungiya, kuma an riga an sassaƙa allon.

“Haba dattijo,” in ji shi, “kowa ya san gudummawar da ta bayar.”

“Ɗan nan,” na ce, “ka taɓa ganin tef ya auna abu da mutum ɗaya? Ni na gwada ranar Talata.”

Ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Na san kwamitin. Na taɓa ganinsa ya shekara yana gardama a kan launin tayen da za a ɗaura a wuya.

Saboda haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Asabar da safe za a binne rabin da ke da zobe a kabarin Bridie, ƙarƙashin furannin da zan shuka da ƙiyasin ido. Limamin cocin ya ce bai ga dokar da ta hana ba, bai kuma tsananta nema ba. Tsofaffin abokan aiki su zo da laima, akwai shayi da giya a gidana bayan an gama. 'Yan kwamiti ma suna iya zuwa, muddin kowannensu zai tsaya a bakin kabarin ya faɗi sunayen takwas da babbar murya. Wanda ya tsaya a bakwai, ƙofa na bayansa.

Ɗaya rabin, da gidansa na fata, yana aljihun kwat ɗin da za a binne ni da shi, a gefen Bridie. Akwatin gilashin kuwa su bar shi yadda yake, babu komai ciki. Zai dace da allon sunayen.