Firizar Inna da Zuciyata

Akwai ƙarar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita: gurnanin tsohuwar firizar Inna, wannan "zuuu" da take yi idan an kawo wuta, haɗe da ƙamshin kunun aya da kanumfari da ke tashi in an buɗe murfinta. Har yau idan na ji irinsa a gidan mutane, sai in duba ƙafata in ga ko da takalmi.

Shekarar da na gama karatu na dawo gida Birnin Kebbi ne wani malamin makaranta ɗan Ambursa, Nasiru, ya fara zuwa wurina zance. Mutum ne mai natsuwa, ba ya da abin ƙi. Matsalar ita ce ni. Na cika kaina da waƙoƙi, na riga na yanke cewa so ba ya sallama, faɗowa yake yi kamar tsawa. Nasiru kuwa da sallama yake zuwa, ya jingine babur, ya gaida kowa har da akuya.

Firizar nan a ɗakin ajiya take, kusa da famfo. Kayan sana'ar Inna ne a ciki, kunun aya da zoɓo, kuma doka ce ba mai taɓa ta sai in an yi baƙo. Saboda haka ba na buɗe ta sai ranar da Nasiru ya zo. Shi kuma bayan la'asar yake zuwa, lokacin na fito wanka ke nan, ƙafa jiƙe, ba takalmi (na karanta a wani wuri cewa mace mai aji ba a jin takunta, silifas kuwa ba ya rufa asiri).

Ranar farko da na kama murfin, wani abu ya taso daga yatsuna, ya bi hannuna, ya tsaya a ƙirjina yana rawa. Na saki, na dafe bango. Na ce a raina, "Ashe haka yake." Na ɗauki tire na fita, kofuna na karo da juna.

Daga nan na shiga hidimar so gadan-gadan. Na daina cin tuwo sosai. Na yi waƙa mai baiti da yawa a kan kogin Rima da ke malala cikin jijiyoyina. Wani abin mamaki, akwai ranakun da zai zo in buɗe firiza in ji shiru, ko ɗis. Sai in fito fuska a ɗaure, in zauna ina tunanin laifin da ya yi mini har zuciyata ta huce. Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri a kan abin da bai sani ba. Ban taɓa lura cewa ranakun nan duk babu wuta a unguwa ba.

Da magana ta kai ga manya, Baba ya aika Argungu aka kira yayarsa, Gwaggo Balki, don ta ji ta bakina. Abin da ta kai masa shi za a gaya wa mutanen Ambursa, ba gyara. Ta iso da kwandon bandar kifi da bakinta, wanda ya fi kifin yaji. Bayan azahar aka baza tabarmi a tsakar gida: ita, Inna, da maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi suka manta hanyar fita.

"To ɗiyata," in ji Gwaggo, "kina son yaron ga ko ba ki so? Faɗi, ba cizo nika yi ba."

Abin da ake so yarinya ta yi a nan sananne ne. Ki sunkuyar da kai, ki ja bakin mayafi, a ce ta yarda. Ni kuwa na gyara zama na yi jawabi.

Na ce, "Gwaggo, jikina ya riga bakina amsawa. Duk ranar da ya zo, wani abu na shiga ta yatsuna, ya hau hannuna, ya girgiza mini ƙirji. Har haƙorana nake ji suna amsawa."

Maƙwabciya ɗaya ta ce, "Ikon Allah! Mu dai an kai mu ne kawai."

Gwaggo ta ƙura mini ido. "Ganin nasa ka sa ki haka?"

"Tun kafin in gan shi. Ina zuwa ɗauko masa kunun aya yake farawa."

Na ga Inna ta buɗe baki, ta rufe, ta kalli ƙofar ɗakin ajiya. Amma kunyar 'yar fari ta hana ta tsoma baki a zancen aurena.

Gwaggo ta ce to madalla, za ta ɗauro alwala ta je ta sami Baba. Ta yi alwalarta a bakin famfo, ta ce bari ta jiƙa maƙoshi da zoɓo mai sanyi, ta shige ɗakin ajiya ƙafa jiƙe.

Sai muka ji, "Wayyo Allah! Innalillahi!" Kwano ya faɗi. Ta fito da baya tana yarfe hannu, ɗankwali a kafaɗa. Ta tsaya, ta dubi hannunta, ta dube ni. Na ga lokacin da abin ya sauka a kanta.

"Ta yatsu ya shiga?" ta tambaye ni.

Na ce e.

"Ya hau hannu, ya girgiza ƙirji?"

Na gyaɗa kai.

"To ku shaida, jama'a. Ni ma ina son Nasiru! Ku gaya ma ƙanena ya ba da mu biyu!"

Maƙwabciyarmu ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa. Inna ta toshe baki da zane, kafaɗunta na rawa, ta ce, "Ni shekara nawa ina buɗe ta da tsumma da silifas." Gwaggo ta ce, "Ashe ke kin daɗe da sanin maganin so!" Ni kuwa na duba ƙasa ko za ta tausaya ta tsage. Ba ta tsage ba, siminti ne.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Yaya Bashir, ɗan wan Baba da ke zaune a gidanmu, wanda ya karanta lantarki. Da ya dawo ya ji labari, sai ya ja firizar, ya nuna mana soket ɗin bango, tsoho mai ido biyu. Fulogin firizar ƙafa uku gare shi, amma wani gwani ya karya ta ukun don ya shiga. Ya ce wannan ƙafar ita ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa. Da babu ita, wutar ta zauna a jikin ƙarfe tana jiran mai jiƙaƙƙiyar ƙafa.

"Ke ce wayar ƙasar gidan nan," ya ce mini. "Ki gode Allah waƙa kika rubuta, ba a rubuta miki ta'aziyya ba."

Washegari ya kashe wutar gidan, ya cire soket ɗin ya sa mai ido uku, ya canza fulogi, ya gyara wayar da ta goge a bayan firizar. Ya ja wata waya mai kore da ruwan ɗorawa har bayan ɗaki, ya haƙa rami, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri da ruwa. Gwaggo na tsaye a kansa tana cewa, "Binne shi da kyau, Bashiru, son ɗiyata na."

Amma ta yi mini adalci guda. Ta ƙi zuwa wurin Baba. Ta ce amsar da firiza ta bayar ba ta karɓuwa, sai an sake tambayata.

Da Nasiru ya dawo, na kama murfin da hannu biyu. Sanyi kawai. Na fita na zauna, kuma a karon farko, da yake ba na jiran tsawa, na saurari abin da yake faɗa. Labarin ɗalibansa ya ba ni, da yadda ruwa ya ci masa shinkafa a fadama ya koma ya sake dashe. Na yi dariya ban shirya ba. Ba abin da ya girgiza, amma da ya tashi tafiya na ji haushin ladanin magariba. Sai da Gwaggo ta koma Argungu ta sake dawowa kafin na ba ta amsa, kuma a wannan karon na sunkuyar da kai na ja bakin mayafi kamar 'yar mutane.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ya girgiza ki, ki sa takalmin roba ki sake taɓawa kafin ki tara maƙwabta.

Sai bayan mun haifi ɗiyarmu ta biyu na tambayi Nasiru me ya fara gani a wurina. Ya yi murmushi ya ce, "Kunyarki. Yadda kike fitowa da tire hannunki na rawa, idonki ya kawo ruwa. Na ce wa abokaina ban taɓa ganin yarinyar da ganina ke kiɗimawa haka ba."

Har yau ban gaya masa ba. Na kuma roƙi Gwaggo ta rufa mini asiri, da atamfa.