Gawar da Ta Yi Atishawa

Ka taɓa kwanciya minti huɗu cif ba ka motsa ko yatsa ba? Aisa ta gwada mutum uku a Diffa, duk sun kasa. Saura kwana biyu ƙungiyarta ta tiyatir ta nuna wasan da ta rubuta: Alkali mai kwaɗayin mulki ya kashe shugaban manoman tattasai, ya haye kujerarsa, ya kawar da abokai ɗaya bayan ɗaya, har ya rasa mai miƙa masa ruwa. An jera kujeru ɗari da ashirin, mai fitowa a gawa ne babu. Sai ta hau moto zuwa Shetimari, ta tarar da kakanta Kalli yana gadin shanyar tattasai da minshari.

"Lafiya lau, tsoho. Sallama bakwai na yi kafin ka farka."

"Amaryata mai ƙirge! Gumbar mutuwata kika zo ci? Da saura."

"Ita ta kawo ni. So nake ka mutu ranar Asabar, ƙarfe huɗu."

"Ji mini ja'ira!"

"Minti huɗu kacal. Ka kwanta, Alkali ya yi jawabi a kanka. Aikin da kake yi kullum ne."

"Ina Bunu? Ba shi ne gawarku ba?"

"Kar ka tuna mini! Wajen gwaji na shafa masa jini a ƙirji, Alkali na cewa 'yau gari nawa ne', sai gawa ta yi atishawa. Sau goma sha ɗaya!"

"Da me kika haɗa jinin?"

Aisa ta saci kallon shanyar. "Ja ne dai, kuma akwai shi a gida."

"Garin tattasai? Jikar manomin tattasai, ki barbaɗa wa ɗan mutane shi a ƙarƙashin hanci, ki ce kar ya motsa?"

"Ɗan wasan kirki jurewa yake! Ishaku da Ɗanmalam ma sun kasa, duk na kore su."

"To tsaya in yi miki ƙirge. Mushe, malamin makarantar da ya kafa ƙungiyar, kin ture shi, ɗaya."

"Zaɓe aka yi!"

"Da waɗannan uku, huɗu. Yau ga ki kina roƙon tsoho mai haƙori biyar. A finafinan da nake gani a wayar kawunki, daidai nan mugu ke faɗowa daga bene. Wane Alkali? Ke ce!"

Aisa ta buɗe baki, sai lissafi ya riga ta: da su goma sha huɗu suka fara, yanzu saura goma. Dariya ta ƙwace mata.

"Haƙori huɗu ne, tsoho. Amma ka yi gaskiya."

Kalli ya zaro ƙullin busasshen zoɓo daga ƙarƙashin tabarma.

"Ungo. Jiƙa shi, ya fi jini ja. Ki fara kai wa Bunu kofi guda da ban haƙuri, sauran ki zuba masa a ƙirji."

"In ya ƙi fa?"

"Ki kwanta da kanki. Garin Diffa zai huta minti huɗu."

Ranar Asabar Bunu ya kwanta minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu, Aisa ta ƙirga. Minsharin da aka ji daga kujerar gaba ne, na Kalli. Kai ma shimfiɗa tabarma ka gwada, amma ka fara tambayar da me aka haɗa jinin.