Sadakin da Na Kai a Kan Jakai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kora jakai biyu zuwa ɗaurin aurena ba. A Abuja ne, garin da yau ake kira Suleja, zamanin da Turawa suka kawo kuɗin ƙarfe suka ce kuɗin wuri ya daina ci.

Ni kuwa na ce ƙarya ne. Kuɗin da aka huda wa ciki, ta ina zai riƙe albarka? Manomin doya ne ni a wajen Chaza, ga taurin kai kamar na gado. Haraji kaɗai nake biya da ƙarfe, shi ma don dole. Duk wanda ya zo sayen doya da wuri sai in karɓa har in yi masa gyara. Mutane suna neman inda za su yar da kaya, ni ina buɗe musu rumbu (a raina kuma ina cewa wawaye, bari Bature ya koma garinsu ku gani). Shekara shida ina wannan wayon.

Sai na ga Hajara, wata bazawara mai sayar da ƙuli a bakin kasuwa. Ita ce mace ta farko da ta taɓa yin dariya don na yi magana, ba don na yi tuntuɓe ba. Na so ta, ba zan ɓoye ba. Da aka je wurin baffanta, wanda shi ne waliyyinta, ya ce sadaki zambar arba'in. Wato wuri dubu arba'in. Na ji kamar in yi guɗa, don abin da ke rumbuna ya fi haka.

Abin da ban lura da shi ba, bakin mutane bai bar lissafin wuri ba, hannunsu ne ya bari. In dattijo ya ce zambar arba'in, fam guda yake nufi, sule ashirin na ƙarfe. Kowa a garin ya san haka. Ban da ango.

Ranar Juma'a aka taru a ƙofar gida, ga liman ga goro. Aka ce a kawo sadaki. Na tashi da babbar rigar aro, na sauke buhunan kaba biyu a gaban liman, na kwance bakin ɗaya. Wuri ya zubo shar a kan tabarma, har da ƙurar rumbu da kashin ɓera.

Kowa ya zuba wa tabarmar ido.

Baffa ya dubi tulin, ya dube ni. "Ɗana, mene ne wannan?"

"Zambar arba'in ne, Baba. Cif. A ƙirga."

Wani daga baya ya ce, "A ƙirga? Sai dai a ɗaura auren da Sallah!" Dariya ta ɓarke, har mata a cikin gida na jiyo su. Liman bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Cikin tausayi ya ce, "Sadaki sai abin da ke da daraja, malam. Wannan ko gishiri ba zai saya mata ba."

Baffa ya ba ni kwana bakwai in kawo fam guda. Na kora jakan nan zuwa Madalla, na kai su Izom, ina talla kamar mai sayar da ruwa da damina. Mutum ɗaya ya taya, wata tsohuwa mai ɗinka wa faifai ado. Ta ɗebi mudu biyu ta ba ni anini uku. Doyar bana kuwa na riga na sayar, kun san da me. A hanyar dawowa na zauna gindin ɗorawa na yi kuka, jakai suna kallona.

Wata biyu bayan nan wani mai awon hatsi ya auri Hajara. Na laɓe a bakin hanya ina kallon masu kai kayan ɗaki. Faya-fayan da aka rufe ƙoren amarya da su duk an yi musu ado da wuri, fari tas, gwanin kyau. Na san inda aka samo shi. Ashe dai sadakina ya shiga ɗakinta, ni ne ban shiga ba.

Tun daga ranar, ko albasa zan saya, in aka faɗa mini kuɗinta sai na ce a nuna mini irinsa a tafin hannu. Ana ta yi mini dariya. Su yi, ai na saba.